Ranar Da Na Kai Munduwata Wuta

Wuyan jikata ne ya tayar mini da wannan magana. Ta shigo gaishe ni ana shirin bikinta, ta durƙusa, sai na ga wani kore-kore ya zagaye mata wuya. Na ce ke, ciwo ne ya fito miki? Ta shafa wurin ta yi dariya, ta ce a'a Kaka, sarƙa ce ta zuba. Sarƙa ta zuba! Ni dai atamfa na sani tana zuba, ita ma sai marar kyau, amma a ce ƙarfen da mace ta rataya a wuya ya zuba mata a fata, kuma ta faɗa tana washe baki, wannan sai a zamanin nan. Ta zazzage mini jakarta a kan tabarma don in ga kayan fitar biki da ta tara, sarƙoƙi da 'yan kunne da awarwaro, kowanne sai ɗaukar ido yake yi. Na ɗauki awarwaro ɗaya na sake shi a kan siminti, ya yi wata ƙara kamar marfin kwalba. Na ce in ya yi baƙi fa? Ta ce sai a yar a sayi wani. Na ce to madalla, Allah ya kyauta, na kau da kai don kada bakina ya faɗi abin da ya fi haka.

Kada a ga laifina in raina ya ɓaci, a gidan maƙerin fari na tashi, wato mai aikin azurfa. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu garin nan, amma Baba bai taɓa riƙe shebur ba, a zauren gidanmu ya kafa maƙerarsa kuma a nan ya tsufa. Da sassafe, lokacin da sanyin Jos ke hana mutum fitar da hannu daga bargo, abin da ke fara tashe mu shi ne numfashin zuga-zugi, fuu, fuu, daga zaure. Daga nan sai masaba ta ɗauka. Masabar maƙerin fari ba irin ta masu ƙera fartanya ba ce da ke fasa kunne, ƙararta siririya ce, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ta tsaya, ta ci gaba. In ta yi shiru sai magagari ya karɓa, in shi ma ya yi shiru sai ka ji cuu, an tsoma aiki mai zafi a ruwan tsamiya, warin nan mai tsami ya biyo iska har tsakar gida. Inna ba ta taɓa leƙa zaure don ta san ko Baba ya shirya karyawa ba. Tana jin cuu ɗin nan za ta ce a kai masa kokonsa, yanzu hannunsa ya sami sarari. Yau in na zauna a ɗakina, janareton maƙwabta nake ji da wayoyin yara, kowa da tasa hayaniyar, kuma babu ƙarar da za ka saurara ka gane aikin me ake yi.

Mata kowane iri suna zuwa zauren nan. Matan Fulani daga rugagen wajen Kuru su ajiye ƙwaryar nono a bakin ƙofa su kwance tsofaffin sulalla daga gefen zane. Matan manyan leburorin kuza su zo da ƙawayensu ana ta iyayi. Matan Ibo masu shaguna su zo neman 'yan kunnen zuwa coci, ga kuma matan ƙauyukan kan duwatsu da Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba. Ƙa'idar Baba ɗaya ce ga kowa: ba ya sa azurfar mace a wuta sai mai ita na zaune tana kallo. Ko ta rantse ta yarda da shi, tana sauri za ta kasuwa, sai ya ce, "Zauna. Ba don ni ba ne, don zuciyarki ne. In kika tafi, duk ranar da kika kalli abin nan sai kin ce anya tawa ce?" Haka za ta zauna a kan buzu tana ƙunƙuni har azurfar ta narke a ɗan kaskon yumɓu, ya zuba ta daskare, ya ɗora a sikeli a gabanta, sannan ya sallame ta. Kuma bai taɓa kama hannun matar wani don awo ba. Zare yake miƙo wa ni ko Inna, mu zagaya wuyan hannun mu ƙulla mu mayar masa.

Aikina na kullum shi ne sharar zaure, shara kuwa wadda ba a zubarwa. A wata tsohuwar tukunya ake tara ta. In ta cika, Inna ta fito da ƙwarya ta wanke ta yadda matan bakin kududdufi ke wankin kuza, tana juyawa tana tsiyaye ruwan, har garin azurfa ya kwanta a gindi yana sheƙi. In ta ga ina shara da garaje don in tafi wasa, sai ta ce, "A hankali, zoben wata kike korawa waje." Abin da aka samu Baba ba ya sayarwa. Da shi yake liƙe wa mutane abin da ya karye, kyauta, wai ai tasu ce ta koma musu. Yanzu ka faɗa wa yaro cewa an taɓa wanke shara a gidan nan ka ga irin kallon da zai yi maka. Su da ko tsintsiya sai ka yi magana har ka gaji kafin su ɗauka.

A gidanmu akwai munduwa guda ta azurfa da ke bin mata, daga uwa zuwa 'ya. Amma ba cirewa ake yi a miƙa ba. In 'ya ta tashi aure, uwa ta cire munduwar, ta ɗora wani abu nata a kai, ko zobe ko 'yan kunne, a narke su tare a ƙera sabuwa daidai hannun amarya. Inna takan ce ba a kai yarinya gidan miji da awon hannun wata, kuma in ba wuta ce ta haɗa su ba, ta ina abin uwa zai shiga cikin na kaka? Amaryar ce kuma ke zuga wutar da kanta. Ranar da aka yi tawa ana irin ruwan nan na Jos mai ƙanƙara, kwanon rufi sai ƙara yake yi. Na durƙusa a bayan zuga-zugi ina jin kaina wata babba. Baba ya ɗora munduwar Inna a kan uwar maƙera, munduwar da na buɗe ido na gani a hannunta, wadda na san har inda ta lotsa ranar da ta bugi bakin turmi, ya sa ƙarfen sara ya raba ta. Ban san sanda na kwatsa ihu na saki zuga-zugin ba. Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Wuta na mutuwa." Inna ta ce, "Zuga mana! Ke za a yi wa ko ni?" Na zuga ina hawaye da majina. Gutsattsarin suka yi ja, suka lanƙwashe, zoben Inna ya nutse a cikinsu, sai lokaci ɗaya duk suka zube suka zama dunƙulen ruwa mai walƙiya yana rawa a gindin kasko. Har yau ban ga abin da ya haɗa kyau da ban tsoro kamar wannan ba. Kwanaki Baba ya kwashe a kan aikin. Ya ja waya siririya ya murɗa ta, ya nannaɗa a jikin munduwar, ya jera wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero a kawunanta biyu, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce idonsa ya gaji. Mun ɗauka magana ce kawai, ashe da gaske yake, don daga nan zobba da gyare-gyare kaɗai ya riƙa yi har Allah ya karɓi abinsa.

Allah bai ba ni 'ya mace ba, maza ya ba ni, saboda haka munduwar ta zauna a hannuna fiye da yadda ta zauna a hannun kowace mace a danginmu. Da ita na yi daka, da ita na yi goyo, da ita na je Makka na dawo. Wannan jikar tawa, 'yar babban ɗana, ita ce mace ta farko da ta tashi aure a zuriyata. Da na ce musu lokaci ya yi da za a kai munduwa wuta, sai ka ce na ce zan rushe gidan. Ubanta ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai kayan tarihi ne, irinsa ba a taɓawa. A samo masa akwati mai kyau a ajiye." Ita kuma ta ce, "Kaka, ki bar ta yadda take, in saka ranar kamu a ɗauke ni hoto, sai a adana." Na ce ta yi miki yawa, zamewa za ta yi. Ta ce ai na ɗan lokaci ne, sai ta riƙe hannun a sama. Ji mini fa! Abin da mata suka yi surfe da shi suka yi wanki da shi, wai yau ya zama abin riƙe hannu a sama don hoto. Na ce musu azurfar da ba ta shan zufa baƙi take yi a akwati, kuma ni ban gaji kayan tarihi ba, munduwa na gada.

Neman wanda zai yi aikin shi ne ya kusa sa mini hawan jini. Na ja yarinyar muka zagaya Laranto da cikin gari, shago bayan shago, duk samari ne a bayan gilashi, kowa da waya a kunne. Ɗaya ya ce in bar ta in dawo wani makon. Wani ya ce a auna nauyinta in zaɓi sabuwa a cikin waɗanda aka jera, ita kuma su riƙe, wai ai duk azurfa ɗaya ce. Wani ya ce in turo masa hoton irin wadda nake so, a wani gari ake yi musu da inji. Na ce ni a gabana za a narke, ina zaune. Ya dube ni ya dubi jikata, ya ce, "Mama, nan shago ne, ba mu da wuta." Mai sayar da azurfa ba shi da wuta! Na ce to me ka sani game da abin da kake sayarwa? Ya ce farashi. Na ja mayafina muka fito.

A hanyar gida na tuna da wani mutum, Ibo, wanda ya koyi aiki a hannun Baba har ya buɗe tasa maƙerar. Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni. Na sa aka tambaya, aka ce yana nan da rai a Anguwan Rukuba. Uban yarinyar na jin haka ya ce, "Hajiya, Anguwan Rukuba fa kika ce." Na ce na san inda na ce, can nake zuwa barkar haihuwa tun ba a haife ka ba. Wannan ma wani abin takaicin ne na garin nan. Da mutum ya yafa gyale ya shiga duk unguwar da ya ga dama, yanzu tun bayan rikice-rikicen addinin nan kowa ya ja layi a zuciyarsa, yaro ya girma a Jos bai san rabin Jos ba. Ban tsaya jan magana ba. Washegari da hantsi na sa 'yan kunnena na azurfa a ƙullin zane, na ɗauki zare, muka hau keke mai ƙafa uku ni da amarya.

Mun same shi a wata 'yar rumfa a bayan gidansa, ya yi fari fat, gilashin idonsa ɗaure da zare. Ya ƙura mini ido, sai ya buga cinya.

"Kai! 'Yar Oga! Kai ne da kanka?"

Tun muna da ƙuruciya "kai" yake ce mini, ya tsufa bai gyara ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen da ya sani ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na ce sai dai addu'a. Na miƙa hannu na nuna masa abin da ya kawo ni. Ya matso da fuskarsa kusa da munduwar bai taɓa ni ba, ya daɗe yana kallo.

"Wannan hannun Oga ne," ya ce. "Me ya same shi? Ban ga inda ya karye ba."

"Ba ta karye ba. Narkewa za ka yi, ka ƙera wa yarinyar nan."

Ya cire gilashin ya goge ya mayar. Sannan ya miƙo mini hannuwansa biyu, sai rawa suke yi.

"Ka duba, 'yar Oga. Narkewa zan iya, bugawa zan iya. Amma wannan dizayin, wannan waya da ƙananan ƙwayoyi, na gama da shi. Yarana duk sun bar aikin, ɗaya ma gyaran waya yake yi a kasuwa. Ba zan ɓoye maka ba, babu mai yin irin wannan a garin nan yanzu. In ya shiga wuta, shi ke nan, aikin Oga ya tafi. Bari in yanke kaɗan in matse, ya zauna a hannun yarinya yadda yake."

Jikata ta yi caraf ta ce, "Kin ji ko, Kaka? Ba ni kaɗai na faɗa ba."

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta so ta karɓa. Wannan ne aikin Baba na ƙarshe mai kyau, kuma duk abin da ya rage mini nasa ke nan, don kayan aikinsa tun tuni 'yan'uwa suka watsar. Amma na taɓa ƙullin zanena na ji 'yan kunnen nan. In aka yanke aka matse, ta ina za su shiga? Inna na cikin munduwar nan, kakata na ciki, da wata ma da ban san sunanta ba. Ni kaɗai zan tsaya a waje, don maƙera sun ƙare a zamanina? Kuma Baban da ake so in tausaya wa aikinsa, a gabana ya sare aikin wanda ya riga shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Na ce, "Hura wutarka."

Ya girgiza kai ya ce, "Taurin kan nan dai na Oga ne."

Cire ta ma sai da ya zama aiki, don hannun da ta shiga ina amarya ba shi ne na yanzu ba. Aka shafa sabulu ta ƙi. Sai surukarsa, matar ɗansa, ta zo ta riƙe mini hannu, ta cusa ɗan guntun fata tsakanin munduwar da tsokata, shi kuma ya sa awartaki ya buɗe ta a hankali. Na zagaya zare a hannun jikata na ƙulla na ba shi. Zuga-zugi babu, wata ƙafar keke ce ya haɗa da fanka, ana juyawa da hannu iska na fita. Na ce to ko ma mene ne, amarya ce za ta juya. Ta durƙusa tana juyawa da hannu ɗaya, da ɗayan hannun kuma ta ɗaga waya wai za ta ɗauki bidiyo. Na ce in ba ki ajiye wayar nan ba, wallahi ita ma kaskon za ta shiga. Ta ajiye.

Da ya ɗora ƙarfen sara, sai da ya sake dubana. Na ce me kake jira? Ya buga. Na zauna ban kau da ido ba, don mai abu ba ta kau da ido. 'Yan ƙwayoyin nan da Baba ya ƙarasa idonsa a kansu su suka fara tafiya, sai wayar da ya murɗa ta saki, sai 'yan kunnena suka kwanta a kai suka ɓace. Na ji zafin da ban ji irinsa ba ko ranar da aka fita da gawar Baba, don a waccan ranar ina da abin da zan shafa a hannuna. Tsohon nan kuma sai jan hanci yake yi yana cewa hayaƙi ne. Jikata ta zuba wa kaskon ido, har sai da ya ce mata ya isa sannan ta saki fankar.

Aikin da Baba ya kwashe kwanaki a kansa, kafin azahar an gama. Ya zuba, ya buga, ya mayar wuta, ya sake bugawa, yana hutawa yana ci gaba, ya goge da magagari ya lanƙwasa daidai zaren. Munduwa ta fito sumul, babu waya babu ƙwaya, gefe ɗaya ma ya ɗan fi ɗayan kauri, ga sawun masaba a jikinta. In Baba ne ya ga wannan, kaskon zai mayar da ita. Tsohon ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Sori, 'yar Oga, iyakar abin da ya rage a hannuna ke nan." Na ce ai na gani, Allah ya saka da alheri, kuma har zuciyata na faɗa. Na zura wa yarinyar, ta zauna mata cif. Ta ɗaga hannun ta ce, "Kai, Kaka, nauyi!" Na ce za ki saba.

Muna cikin haka aka yi kiran azahar daga can nesa. Ban ma tambaya ba, surukar tsohon ta fito da buta da sabuwar tabarma, tana tambayar jikata ina ne gabas ɗinmu. Na koma gefen rumfar na tsuguna, yarinyar ta riƙe mini butar. Na wanke baki, na wanke fuska, na zo hannu. Sai yatsuna suka tafi da kansu za su tura munduwa sama don ruwa ya shiga ƙarƙashinta, kamar yadda suke yi a kowace alwala tun ina amarya, suka shafi fata kawai. Wurin ya yi wani fari zagaye, ya ɗan lotsa, hannun kuma ya yi sakayau kamar ba nawa ba. Na tsaya riƙe da shi, na manta abin da ake yi bayan nan. Yarinyar ta tsayar da ruwan tana kallona, idonta ya ciko.

Na ce, "Zuba mana, me kike kallo? So kike lokacin sallah ya wuce ni a gidan mutane?"